Sakan Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun yi tsit a tasha,
mai burodin da ke ƙasan benenmu bai hura tanda ba tukuna.
Daga ni sai kwamfuta, sai shayin da ya huce.

Ga babana, Eliodoro, a kan allo,
shimfiɗe kamar shuɗin ƙyalle daga hagu zuwa dama,
hirar minti arba'in da na mayar takwas,
na yayyanka shi gida saba'in da uku.
Ni na yi, bara, da rezar da ba ta fid da jini.

Sauri nake a lokacin.
Masu bikin unguwa sun ce kada ya yi tsawo.
Na cire tari. Na cire su "to", su "wato".
Na cire inda ya miƙe ya kori mage daga tebur.
Na bar wani mutum mai magana tsaf, kamar mai karanta labarai,
wai shekara talatin da ɗaya yana jan keken ƙarfe
mai hawa da jama'a tudu, ya sauko da su.
Aka tafa, aka ce Ximena ta iya aiki.
Shi kuwa ya raɗa mini:
"Wannan bawan Allah ba ya numfashi ne?"

Cikin Yuli, ana ruwa da sanyi, muka kai shi makwanci.

Yanzu ina bin tsaga ɗaya bayan ɗaya.
Wata ba wuya:
na yanka amma ban ɗebe kome ba,
in ɗora linzami, in ce a haɗe,
layin ya ɓace kamar sawun sanda a ruwa.
Wata kuwa na'ura ta ƙi ƙememe,
ta ce waɗannan biyun ba maƙwabta ba ne,
akwai na tsakaninsu da ba ya nan.
Gaskiyarta. Ba ta iya irin ƙaryata ba.

Sai in kama gefen yanki in ja a hankali.
Ashe abin da na zubar yana kwance a ƙarƙashi,
bai yi fushi ba, jira kawai yake.
Tari ya dawo.
Mage ta dawo, wutsiyarta cikin kofi.
Mai sayar da gas ya dawo titi yana kaɗa tulunsa da ƙarfe.

Tsaga ta hamsin da takwas ce ta tsai da ni.
A hagu muryata, daga bayan kyamara:
"Baba, ina ka fara ganin Mama?"
A dama amsarsa: "A keken. Ba ta da canji."
Bara na manne su baki da baki,
tambaya, amsa, kamar mai yanka rasit.

Na ja.

Sakan goma sha ɗaya.
Bai ce uffan ba.
Ya dubi taga.
Babban yatsansa na shafar gefen tebur
daidai inda Nélida ta taɓa ɗora tukunya mai zafi
ta bar baƙin zobe a katako.
Leɓensa ya motsa, ya fasa.
Zanen sauti a ƙasa ya miƙe sambal, ba tudu ba kwari,
shi ya sa na ɗauka fanko ne.

Sau nawa na maimaita, ban ƙirga ba.
Na ce a haɗe. Layin ya ɓace.

Ƙamshin burodi ya fara hawowa ta matakala.
Ba mai bikin da zai haska wannan,
ya yi tsawo, mutumin ciki yana tari da yawa.
Na adana shi sau biyu, hannuna na rawa.
Saura tsaga goma sha huɗu.
Bari in ɗumama shayin.